Yadda Kawuna Ya Koyi Karanta Gona Daga Sama

Kawuna, ƙanen Innarmu, malamin gona ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi a kan babur, daga wannan gona zuwa waccan, yana duba shuka, yana ba manoma shawara kan iri da taki da maganin ƙwari. Kowa Mai Babur yake ce masa, har a ofis. Matarsa kuwa tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da taga, don haka 'yan unguwa suka raɗa mata Mai Keke. In baƙo ya tambayi gidan, sai a ce masa ya miƙe har ƙarshen layi, gidan Mai Babur da Mai Keke. Da yawa sun wuce ƙofar suna neman shagon gyaran ababen hawa.

Na zauna a gidansu wata tara, lokacin da aka tura ni aiki wani asibiti da ke kusa da su. A cikin watannin nan ne abin ya faru, don haka rabi da idona na gani, sauran kuma daga bakinsa na ji, don Kawu ba ya iya cin abinci da labari a cikinsa.

Akwai abu ɗaya game da shi wanda mu 'yan gida kaɗai muka sani. Idonsa ba ya raba ja da kore. Haka aka haife shi. Inna ta ce yana ɗan shekara bakwai aka gane, ranar da aka aike shi bayan gida ya tsinko nunannun tumatir, ya dawo da kwano cike da ɗanyu yana murmushi. An yi masa faɗa ranar farko, an yi ta biyu. A ta uku kakarmu ta ɗora masa barkono biyu a tafin hannu, ɗaya ja ɗaya kore, ta ce ya nuna mata jan. Ya juya su, ya sake juya su, ya ce ai duk ɗaya ne. Tun daga nan aka daina yi masa faɗa, aka kuma daina aikensa tsinka.

Mutum zai yi mamakin yadda mai irin wannan ido ya zama malamin gona. Hannu da hanci ne suka yi masa aikin. Yakan murza ganye tsakanin yatsu, ya shinshina ƙasa, ya tona gindin shuka ya duba saiwa. Kuma in ya isa gona ba ya fara cewa komai. Sai ya tsuguna ya dubi mai gonar ya ce, "To, kai me ka gani?" Manomi ya ce ganyen ya fara rawaya daga ƙasa, ko jijiyoyinsa sun yi ja-ja, shi kuma ya haɗa da abin da yatsunsa suka gaya masa, ya faɗi ciwon da maganinsa. Manoma suka so shi ƙwarai. Suna cewa shi kaɗai ne ma'aikacin da ke tambaya kafin ya koyar. Ba wanda ya san dalili.

A gida kuwa Mai Keke ce ke rufa masa asiri. Kowace riga tana da ɗigon zare a cikin wuya, kowace hula tana da nata a ciki. Mai ɗigo ɗaya ta tafi da mai ɗigo ɗaya, mai biyu da mai biyu. Shi ya sa a ofis ake ganinsa mutum mai iya sa kaya.

Gwiwa ce ta sauke shi daga babur. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce in yana son ya ci gaba da tafiya da ƙafafunsa, to ya bar doguwar hanya mai gargada. Ofis suka ba shi tebur kusa da ɗakin ajiyar fayiloli, da hatimi, da tarin takardun da zai riƙa bugawa. Kafin wata biyu Kawu ya zama abin tausayi. Ƙarfe huɗu yana gida, yana gyara abin da bai lalace ba. Ranar da ya kwance keken ɗinkin matarsa wai zai sa masa mai, aka tashi da sukurori uku da ba a san wurinsu ba, ta dube shi ta ce, "Malam, ko dai su nemo maka aiki, ko ni in nemo maka."

Aikin ya zo da kansa. Ofishin ya samu wani shiri na koyar da ma'aikata takwas yadda ake nazarin hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, don a riƙa sanin halin da gonaki ke ciki ba sai an zaga kowace ba. Mako shida za a yi. Matasa aka zaɓa, sai Dogo, abokin aikin Kawu na shekara da shekaru, wanda ya shiga jerin saboda ya iya latsa waya fiye da 'ya'yansa. Ana saura kwana biyu a fara, ɗaya daga cikin matan da aka zaɓa ta tafi hutun haihuwa. Dogo ya shiga wajen Darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, ga Mai Babur can yana ƙirga ƙudaje. A sa shi mana, ko kujerar ya ɗumama."

Da Kawu ya zo da labarin gida, cewa ya yi an mayar da shi aji ɗaya da furfurarsa. Mai Keke ba ta ɗago daga ɗinki ba ta ce gemu ba ya hana ilimi, kuma in ma yana hanawa akwai almakashi a hannunta.

Ɗakin koyon yana hawa na biyu. Kwamfuta takwas a jere, labule mai kauri a taga, farin allo a gaba, ga na'urar sanyaya ɗaki da ke busa wa Kawu iska daidai kan gwiwar da ke ciwo. Washegari Mai Keke ta ɗinka masa wani abu mai auduga a ciki kamar ƙaramin bargo, yana ɗaura shi a ƙarƙashin tebur. Mai koyar da su wata matashiya ce, ba za ta girme ni ba, siririya, mai saurin magana, kowa Malama yake ce mata, ita kuma Baba take ce wa Kawu da Dogo.

Makon farko da ɓera ya yi kokawa, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Ya damƙe shi kamar hannun babur, in yana son hoto ya matso sai ya murɗa wuyan hannu. Malama ta tsaya a bayansa ta ce, "Baba, sassauta masa, ba zai gudu ba."

Amma bayanin ya shige shi tun ranar farko. Malama ta ce hoton ba irin na waya ba ne. Na'urar da ke jikin tauraron tana ɗaukar wuri ɗaya falle-falle a lokaci guda, kowane falle da irin hasken da yake kamawa. Akwai na shuɗi, na kore, na ja, sannan akwai wasu na hasken da idon ɗan'adam ba ya gani sam. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wancan ɓoyayyen da ƙarfi. In ganye ya fara wahala, a ɓoyayyen hasken ake fara gani, tun kafin ya nuna a ido.

Ranar Kawu ya dawo gida da fara'a. Yana wanke hannu yake ce mini, "'Yar gidan Yaya, kin san akwai hasken da kowa ma makaho ne a kansa? Har Darakta."

Mako na biyu ne ya zo masa da abin da bai zata ba. Malama ta koya musu yadda ake ɗora falle uku a kan juna a cikin manhajar don a samu hoto mai launi, ta sa suka ba ɓoyayyen hasken launin ja. Ta ce, "Daga yau duk inda kuka ga ja, tsiro ne. In jan ya yi jawur, tsiron na da lafiya. Ƙasa tsirara za ta fito kore-kore ko ruwan toka." 'Yan aji suka yi ta yaba kyan hoton. Kawu ya dubi nasa, ya ga ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa.

Aka ba su aiki, kowa ya zagaye gonaki uku da suka fi lafiya a hoton. Kawu ya bi siffa, ya zaɓi wurare uku masu kusurwa huɗu, a gyare tsaf. Malama ta riƙa haska aikin kowa a bango. Da aka zo kan nasa, ɗaya ta yi daidai. Ta biyu filin ƙwallon makaranta ne wanda ko ciyawa babu. Ta uku kuwa filin da ake buga bulo ne a bakin titi.

Dogo ya gyara zama ya ce, "Bana bulo ya yi yabanya, Mai Babur. Wane taki suka sa?"

Aji ya kwashe da dariya, Kawu ma ya yi. Amma da ya dawo gida bai ba da labarin a kan abinci ba, sai da Mai Keke ta ja shi da tambaya. Da ta ji, ta ce gobe ya roƙi a buga masa hoton a takarda ya zo da shi.

Da la'asar ɗin washegari na dawo daga aiki na same su a falo, takardar a shimfiɗe kan teburin yankan yadi, akwatin zare a buɗe. Tana nuna wuri da tsinin almakashi tana cewa, "Wannan makuba ne. Wannan ruwan hoda. Wannan ja ne sosai, irin na jinin kare. Wannan kuwa algashi ne da ya sha wanki." Shi kuma yana rubuta lamba a kan kowane wuri da fensir, yana haddacewa. Dabarar ta yi aiki kwana ɗaya cur. Ya amsa duk tambayoyin Malama, har Dogo ya leƙo yana neman satar amsa. A rana ta uku Malama ta buɗe sabon hoto na wani yanki dabam, Kawu ya koma gidan jiya.

Ya ce zai koma ga hatiminsa. Mai Keke ta tsayar da keke, abin da ba kasafai take yi don magana ba.

"Shekara ashirin da huɗu ina sa maka ɗigo a hula, ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba. Amma ba zan bi ka ofis da akwatin zare a ka ba. Ka gaya wa yarinyar nan gaskiya."

"In ce mata me? Malamin gona bai san kore ba?"

"Ka ce mata haka. Gonakin da ka warkar ai ba su tambaye ka launinsu ba."

Ya juyo gare ni yana neman mai goya masa baya. Na ce ni a asibiti nake aiki, kuma ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Ya ce dama ya san halin Inna na ɗauko.

Lokacin hutun cin abincin rana ya jira kowa ya fita, ya ja kujera kusa da teburin Malama, ya gaya mata. Ya ce ya shirya jin tausayi ko dariya, bai san wanne ya fi tsoro ba. Ita kuwa ta ajiye cokalinta ta dafe goshi.

"Baba, ai laifina ne da ban tambaya ba. Launin nan fa mu muka shafa shi. Kwamfuta ba ta san ja ba, lamba kawai ta sani. Matso ka gani."

Ta matso da hoton har ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin ƙasa. Ta ce kowane ɗigo a nan mita goma ne tsawo da faɗi a ƙasa. Ta danna ɗaya, sai ga jerin lambobi a gefe, kowane falle da tasa, da wani zanen layi. Layin ganye yana kwanciya ƙasa a wajen jan haske, sannan ya yi tsalle sama a wajen ɓoyayyen. Ta danna filin bulo, layin ya tafi a hankali kamar hawan ɗan tudu. Ta danna ruwa, layin ya gangara ya kwanta. Kawu ya karɓi ɓeran ya danna nan, ya danna can, kafin a jima yana faɗin abin da wuri yake tun Malama ba ta buɗe baki ba.

Daga nan ta nuna masa wani lissafi da manhajar ke yi da falle biyu, na ja da na ɓoyayyen haske, ta fitar da lamba ɗaya mai nuna ƙarfin tsiro a kowane ɗigo. Ta cire ja da kore gaba ɗaya, ta sa launin ya tashi daga shuɗi mai duhu inda babu tsiro, zuwa rawaya mai haske inda shuka ta yi kyau. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

Kawu ya ce sai da ya cire tabarau ya goge. Ga kogin, ga magudanan ruwa sun fita kamar jijiyoyin ganye, ga gonaki kowace da iyakarta. Wuraren da ya yi shekara ashirin da bakwai yana bi ɗaya bayan ɗaya, ga su duka a gabansa lokaci guda. Ya ɗora yatsa a kan gilashin ya fara kiransu. Wannan ta mai albasan nan ce da ke da rijiya biyu. Wannan ta 'yan'uwan nan uku ce da suka raba gado, ga ta babban ta fi ƙarfi don shi ke zuba takin dabbobi. Wannan kusurwar kullum ba ta yi, akwai tsakuwa a ƙarƙashi. Malama ta jawo littafinta ta fara rubutawa. Abincinta ya huce a kan tebur, 'yan aji suka dawo suka same su a haka.

Shi da kansa ya miƙe ya gaya wa ajin cewa idonsa ba ya raba ja da kore. Ba wanda ya yi dariya sai da Dogo ya gama lissafi a ransa.

"Tsaya tukuna. Fitilar kan titi fa? Shekara nawa ina zaune a bayanka a kan babur?"

"Ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Wuri nake bi."

"Allah ya tsare ni ban sani ba."

"Ka taɓa faɗuwa?"

"Sau biyu."

"Wannan rairayi ne, ba launi ba."

Kafin ƙarshen makon rabin ajin sun koma shuɗi da rawaya, wai ya fi sauƙi ga ido.

Daga nan Kawu ya kama abin hannu bibbiyu. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen fita. A gida ya daina taɓa abin da bai lalace ba. Dogo ya ce da ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to yanzu yaran sun wuce rimi sun hau tauraro, babban kuma ya bi su da sandarsa.

A mako na biyar suka shiga babban darasi, koya wa manhajar ta rarrabe amfanin gona da kanta. Za ka zagaye mata wurare kaɗan da ka tabbatar, ka ce wannan masara ce, wannan shinkafa, wannan ruwa, wannan gini, ita kuma ta bi duk yankin ɗigo-ɗigo ta jefa kowanne gidan da ya fi kama da shi. Ajin suka yi aikin tare, taswira ta fito gwanin kyau, har Darakta ya hawo ya gani. Abin da ya fi faranta masa rai wata ƙatuwar gonar shinkafa ce da ta bayyana a gefen madatsar ruwa, wadda ba ta cikin kowane fayil na ofis. Ya ce a sa ta a rahoton wata.

Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ranka ya daɗe, babu shinkafa a nan. Ruwan wurin ya fi tsayin Dogo."

Malama ta ce layin ɗigogin ya yi daidai da na shinkafa, ganye mai ƙarfi a kan ruwa. Kawu ya roƙe ta ta buɗe hotunan watannin baya su jera. Suka jera guda shida. Gonakin shinkafa na gaske suna yin shuɗi lokacin dashe, su yi rawaya, su koma shuɗi bayan girbi. Wannan kuwa rawaya take tun farkon shekara, ba ta san girbi ba. Ƙari a kan haka, a hoton wata na uku tana gefen gabas, a na biyar ta koma kudu.

"Malama, kin taɓa ganin gonar da ke tafiya?" in ji Kawu. "Kainuwa ce. Iska ke yawo da ita."

Darakta ya ba da mota a je a gani da ido. A hanya Malama ta faɗa musu cewa shekara shida tana aiki da hotunan gonaki, amma ba ta taɓa shiga gonar shinkafa da ƙafarta ba. Ranar ta shiga. Ta sauka da na'urar nuna wuri a hannu, ta taka abin da ta zaci busasshiyar ƙasa ce, taɓo ya riƙe takalminta ɗaya ya ƙi saki. Dogo ne ya cire shi da sanda bayan doguwar addu'a. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana dafe da kafaɗar Kawu, tana kallon kainuwar da ta rufe ruwa iya ganin ido, tana dariya. Da suka koma, ta ƙara wa manhajar sabon gida mai suna ciyawar ruwa, ta kuma ce duk inda za ta koyar nan gaba da wannan misalin za ta fara.

Bayan an gama koyon, aka ɗauke Kawu daga bakin ɗakin fayiloli aka ba shi tebur kusa da taga da kwamfuta tasa. Kowane kwana biyar sabon hoto ke zuwa, in gajimare bai tsaya a tsakani ba. Kuma kamar kowane sabon gwani, sai da ya yi tuntuɓe. Wata safiya ya ga rabin wata gonar masara ya koma shuɗi farat ɗaya. Bai kira kowa ba, ya tashi Dogo da direba, suka ɗebi maganin tsutsa suka kama hanya ta awa biyu. Suka iske mai gonar zaune a inuwa yana shan shayi. Ɗanyar masarar ya sare ya sayar wa masu gasawa, karan kuma ya ba shanunsa.

Manomin ya zuba musu shayi ya ce, "Mai Babur, da kai kake tambayata me na gani. Yanzu ka zo kana gaya mini abin da ka gani, daga sama ma kuwa."

Kawu ya ce shayin nan da kunya ya haɗiye shi. Tun daga ranar, waya yake fara bugawa kafin a tayar da mota.

Wata biyu bayan haka abin ya biya wahalarsa. Ya lura da wani dogon layi na gonaki a ƙarshen magudana ta uku, lambarsu tana raguwa kaɗan-kaɗan hoto uku a jere, alhali na sama da su suna nan lafiya. Ya buga wa manoman waya. Suka ce ba su ga komai ba, sai dai ganye kan ɗan lanƙwashe da tsakar rana. Ya roƙe su su bi magudanar da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe. Inda ta ratsa ƙarƙashin titi suka samu wata tsohuwar katifa ta toshe bututun, yashi ya taru a bayanta, ruwan da ke wucewa bai kai rabi ba. Suka taru suka fitar da ita a yini ɗaya. Gonaki arba'in da 'yan kai ne ke sha daga wurin. Kawu ya jira hoto biyu, a na uku layin ya fara haske. Ya buga shi a takarda ya kawo gida, Mai Keke ta manna shi a bango sama da kekenta, tsakanin hotunan samfurin riguna.

Ana saura mako ɗaya in bar gidan, Inna ta zo ganin likitan ido, muka biya da ita ofishin Kawu. Ya ba ta kujerarsa, ya tsaya a gefe yana ta bayani, ita kuwa tana kallonsa kamar yaron da ya zo nuna mata abin da ya gina da laka. Da ya ja numfashi ta ce, "To na ji. Nuna mini gidana."

Ya nemo garin, ya nemo unguwar, ya matso da hoton har ya zama murabba'ai.

"Ga shi nan, Yaya. Waɗannan huɗun."

Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. "Ina kajina?"

"Ba ya ganin kaji. Ɗigo ɗaya ya fi ɗakinki girma."

"To me yake gani?"

Ya nuna mata wani ɗigo mai rawaya a kusurwa, ya ce mangwaron tsakar gidanta ne. Ya danna shi, ya jera lambobinsa na shekara biyu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Yaya, me kika yi wa itacen nan wata bakwai da suka wuce?"

Inna ta juyo ta harare ni. Na rantse ban ce komai ba. Sai ta amsa cewa a lokacin ne ta sa aka yi wa tsakar gidan siminti har gindin itacen, don ta gaji da shara, kuma gaskiya bana 'ya'yan ba su kai na bara ba. Kawu ya ce a fasa simintin taku biyu kewaye da gindin, a mayar da ruwan wanke-wanke wajen. Ta ce za ta duba, da muryar da babbar ya ke amsa wa ƙanenta in ya yi gaskiya.

Ta miƙe ta ɗauki jakarta, har ta kai ƙofa ta dawo ta sake zama.

"Ɗan matsa hagu kaɗan," in ji ta. "Duba mini lambun maƙwabciyata. Kullum cika baki take yi."